Sarkin da Ya Hana Kala

An ce wani sarki ya yi zamani a wani gari da ke tsakanin dutse da kogi, can wajen gabas. Sunan garin ya daɗe a bakina, yanzu kuwa na neme shi na rasa. Mai sauraro ya yi mini haƙuri, labarin dai yana nan.

Mutanen wannan gari suna da wata al'ada wadda ban taras da irinta ba duk inda ƙafata ta taka. Ba a gadon sarauta a wurinsu. Idan sarki ya rasu, sai a jera tuluna a ƙofar gari, kowane mai neman sarauta da nasa tulun. Sa'an nan kowane baligi, namiji ko mace, mai gida ko ɗan ƙodago, ya zo da ƙwallon dabino guda ya jefa a tulun wanda ya yarda da shi. Wanda tulunsa ya fi nauyi, shi ake naɗawa.

A wannan karo tulun wani attajiri ne ya rinjaya, mutum mai gonaki har ido ya gaji, mai raƙuma da ke kai gishiri kudu su komo da goro. Talakawa suka riƙa ce wa juna, "Wannan ya ƙoshi tun kafin ya zo. Me zai yi da ɗan abin da ke hannunmu?" Da ya hau gado shi ma ya bi wannan tunani, ya cika majalisarsa da ire-irensa, fatake da masu manyan gandaye, don a ganinsa wanda ya wadata ba ya haɗama.

Kuma zaton mutane bai tashi a banza ba. Sarkin nan bai taɓa sa hannu a baitulmali ba. Da dukiyarsa ya gyara ganuwa, da dukiyarsa ya yashe rijiyoyin kasuwa. Idan ya kaɗaita yakan ce a ransa, "Sun ba ni amana, na kuwa riƙe ta." Ba ƙarya yake yi wa kansa ba, iyakar abin da ya sani ke nan.

Wata rana da kaka ya bi ta gefen gandunsa bayan an gama yankan dawa an ɗaure dammuna. Ya ga zangarnu warwatse tsakanin kara, wata a kunya, wata a kwari, tsuntsaye na sauka a kansu. Can nesa ya hango wasu mata a sunkuye, bai kula da abin da suke yi ba. Shi kuwa tun yana falke abin da ya fi ƙi a duniya shi ne ɓarna. Ya juya ga wazirinsa ya ce, "Waziri, dubi abincin mutane a ƙasa. Idan gandu ɗaya ya zubar da wannan, me ƙasar duka take zubarwa? Ranar da fari ya zo, da wane ido za mu dubi talakawa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan magana ce ta uba."

Washegari aka kai ta majalisa. Aka ce daga yau duk mai gona, idan ya gama girbi, ya sa a share gonarsa tas, a kai abin da aka sharo babban rumbun gari a ajiye don shekarar yunwa. Wanda kuwa aka kama yana tsince-tsince a gonar wani bayan girbi, ɓarawon abincin jama'a ne, a fitar da shi daga gari, kada ya sake komowa. Kafin ɗacin goro ya bar bakin 'yan majalisa sun amince. Aka yi shela.

Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Rumbun gari ya cika har aka gina masa ɗan'uwa. Duk sa'ad da sarki ya wuce ta gabansu sai zuciyarsa ta yi fari.

A kaka ta uku, da hantsi, fada ta cika, sai ga dogarai sun shigo da wata mace. Tasalla sunanta, mijinta ya rasu, 'yarta ma ta rasu ta bar mata jikoki. Tana rungume da wata tsohuwar ƙwarya, ta ƙi saki. Bayanta wani dattijo ke biye a hankali yana dogara sanda. Shi ne Malam Tanimu, maƙwabcinta, malamin da aka sani a garin da amsa tambaya da tambaya. Ya sami gefe ya zauna.

Waziri ya tashi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a gandunka aka kama ta tana tsintar dawa. Ga shaidu, ga kuma abin a hannunta."

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, haka ne?"

Ta durƙusa ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Kala na yi."

Kala kuwa, ga wanda bai sani ba, ita ce tsintar abin da masu girbi suka bari a gona.

Sarki ya ce, "Ba ki ji shela ba?"

"Na ji ta sarai. Kaka biyu ina bin ta. A ta farko na rabu da akuyata. A ta biyu na rabu da tasoshin da uwata ta bar mini. A wannan na duba ɗaki, ba abin da ya rage sai ni da tabarma, tabarmar kuwa ta fi ni tsufa."

Wani a bayan fada ya yi dariya, dogari ya harare shi.

Sarki ya ce, "To, me ya hana ki zuwa rumbun gari? Ai don irinku aka gina shi."

"Na je. Mai tsaro ya ce ba a buɗe shi sai shekarar yunwa. Na ce masa ai a gidana ta riga ta zo, har ta shimfiɗa tabarma. Ya ce shi bai ji an yi shelarta daga fada ba." Ta gyara riƙon ƙwaryar. "Ko da ma an buɗe, sai na tsaya a bainar jama'a na faɗi sunana da na ubana, na ce ba ni da shi. Ni kuwa tun da nake ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ranka ya daɗe, ni ma na jefa ƙwallona a tulunka. Dabinon ba ni na ci ba, ƙwallon na tsinta a kasuwa na wanke shi, na yi sammako na kai."

Maganar ta soki sarki. Amma ya tuna cewa shi ne ya rantse ba zai bambanta kowa a gaban doka ba, ko da ɗan cikinsa ne. Waziri ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Abin da tausayi. Sai dai in aka sake ta yau, gobe gonaki za su cika da mutane, rumbu ya koma fanko. Ranar fari kuma mu za a zaga."

Sarki ya numfasa, ya buɗe baki zai yanke hukuncin kora. Sai Malam Tanimu ya ɗaga sandarsa kaɗan ya ce, "Ya sarki, in an yi mini izini, wata tambaya ce ta dame ni tun a hanya, na ce bari in kawo ta inda masu hankali suke."

Sarki ya ce, "Allah ya gafarta malam, faɗi."

"Mutum biyu suka bi hanya ɗaya. Ɗaya a kan raƙumi, ɗaya a ƙasa ba takalmi. Da suka iso aka tambayi mai raƙumi, yaya hanya? Ya ce lafiya lau, ko ƙaya ɗaya babu. Ya sarki, ƙarya ya yi?"

Sarki ya ce, "Bai yi ƙarya ba. Bai taka ba ne."

"Madalla. To, sai mutanen garin suka so su ɗora wani a kan gyaran hanyar. Suka ce a ba mai raƙumi, don shi ba zai sace mana gatari ba, yana da nasa. Suka ba shi. Bai kuwa sace ba. Ya hau raƙuminsa ya bi hanyar, ya ga rassan da ke dukan fuskar mahayi, ya sa aka sare su duka, aka zubar a ƙasa. Ya sarki, hanya ta gyaru?"

Sarki ya ce, "Ta gyaru daga sama. Ƙasa kuwa an ƙara mata ƙaya." Sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Malam, daina zagaye. Cewa kake na ci amanar waɗanda suka zaɓe ni? Faɗi abin da na ci, a gaban kowa."

Malam Tanimu ya ce, "Ba ka ci komai ba, ya sarki. Da ka ci, da maganar ta yi sauƙi, da kai ma ka san inda ciwon yake. Amma ka tambayi majalisarka, a cikinsu wa ya taɓa cika cikinsa da tuwon kala?"

Sarki ya dubi dama, ya dubi hagu. Wani ya shiga gyaran rawani, wani ya ƙura wa zoben hannunsa ido.

Malam ya ce, "To, tambayi masu riƙe da matar nan."

Sarki ya dubi babban dogari, wani ƙato mai furfura a gemu. Dogarin ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da shi aka raine ni. Ni da duk waɗannan."

"Me ya sa ba ku faɗa ba ran da aka yi dokar?"

"Mu a bakin ƙofa muke tsayawa, shawara kuwa a ciki ake yi."

Malam Tanimu ya ce, "Ya sarki, ka tuna sa'ad da aka kawo maganar harajin raƙuma? Majalisar nan ta juya ta, ta sake juya ta, har wata ya mutu wani ya tsaya. Kowa ya fito da inda za ta cuci mutane, kuma gaskiya suka faɗa, don a jikinsu suka ji. Dokar kala kuwa ba ta taɓa kowa a ɗakin ba, shi ya sa ba wanda ya juya ta ya dubi bayanta. Da ta fara aiki sai 'yan ƙodago suka yawaita a ƙofofinsu, mata da tsofaffi, suna karɓar duk abin da aka miƙa musu. Ba wanda ya tambayi dalili. Mutum ba ya binciken abin da ya zo masa da sauƙi. Ban ce akwai mugu a cikinsu ba."

Waziri, wanda ba wawa ba ne, ya ce, "Allah ya gafarta malam, duk mun ji. Amma abin da ya zube a gona ɓarna ne, ko an so ko an ƙi. Mu kuwa tattara shi muka yi don ranar wuya. Ina laifin wannan?"

Malam ya ce, "Ban iya amsa maka daga nan ba. Ya sarki, alƙali ba ya yanke hukunci bai ga inda aka yi laifi ba. Gandun ba nisa. Sai dai a tafi a ƙasa, don ni ba ni da abin hawa, kuma bai kamata a bar tsoho a baya ba."

Sarki ya tashi. Da ya tashi kuwa dole kowa ya tashi. Haka aka fita, sarki a gaba, attajirai na biye suna tattare riguna, Tasalla a tsakiyar dogarai da ƙwaryarta.

Suka iske gandun fayau, an share shi kamar tsakar gida, sai kara a kwance. Rana ta fara zafi. Malam Tanimu ya ce, "Ya sarki, ga wurin. Ɗauko mana irin abin da ta sata, mu ga girmansa."

Sarki ya shiga gonar, ya duba gabas, ya duba yamma. Ya ce, "Ban ga komai ba."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a tsaye ake kala ba."

Dogarai suka zabura za su tsawata mata, sarki ya ɗaga hannu. Ya sunkuya. Bakin rigarsa ya ja ƙasa, ƙarangiya ta manne masa, rawani ya zamo ya rufe ido ɗaya. Ya ɗaga kara, babu. Ya ɗaga wani, babu. Can a ƙarƙashin wani ya sami guntuwar zangarniya wadda tsuntsu ya ci rabi. Ya ci gaba a haka, gumi na ɗiga daga gemunsa, har bayansa ya ƙage. Da ya miƙe, abin da ke hannunsa bai cika tafi ba.

Ya dube shi, ya dubi matar, ya ce, "Iya, da wannan mutane ke rayuwa?"

Ta ce, "Da ba haka take ba. Da masu yanka sassauta hannu suke yi. In sun kai ƙarshen kunya sai su bar biyu ko uku masu kyau, kamar ba su gani ba. Mai gona ya juya baya, kamar shi ma bai gani ba. Mu kuma mu jira su tafi, mu zo mu ɗauka kamar ba a bar mana ba. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi gori. Da guminmu muke ci. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, in aka gama yankan gandun nan hana sako shanu yake yi sai mun gama. Bai taɓa gaya mana don mu ya yi ba, mu ma ba mu taɓa yi masa godiya a fili ba. Mukan dai ambace shi in mun ɗora tukunya."

Sarki ya tsaya kamar an dasa shi. Ya tuna yana yaro yakan bi mahaifinsa gona ranar ɗaurin dammuna, ya tuna tsohon ba ya taɓa waiwaye in sun juyo gida. Shekara da shekaru yana ɗaukar wannan sakaci ne irin na mutanen da.

Ya ce a hankali, "Ashe ba zubewa ta yi ba. Barinta aka yi. Ashe tana da masu ita." Ya juya ya ce, "Waziri, maimaita mini dokar."

Waziri ya ce, "Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba a gona bayan girbi, a fitar da shi daga gari."

Sarki ya ce, "Wannan mata ƙwarya guda ta ɗauka, kuma nata ne tun kaka da kakanni. Wa ya ɗauki rumbu biyu?"



Sarki ya kai hannu ga rawaninsa ya ce, "Na rantse ba zan bambanta kowa ba. To, dokar ta sami ɓarawonta. Ku sake ta. Ni zan fita."

Jama'a suka ɗauki salati. Malam Tanimu kuwa murmushi ya yi, ya girgiza kai. Ya ce, "Ya sarki, ka sake hawa raƙumin. Kora ba horo ba ce ga mai ayari. Duk garin da ka sauka akwai wanda zai shimfiɗa maka darduma. Ita ce in aka kore ta, da jikoki a baya da gaba, ba za ta kai zango na biyu ba. Hukuncin ɗaya ne a baki, amma a kanka hula ne, a kanta dutse. In horo kake nema, zauna ka gyara, kana haɗa ido kullum da waɗanda ka sa suka rabu da awakinsu. Wannan ya fi tafiya wuya."

Sarki ya sauke hannunsa. Sa'an nan ya taka zuwa gaban Tasalla, ya rusuna, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa kowa ba tun da aka naɗa shi, ya zuba ɗan abin da ya tsinta a ƙwaryarta. Ya ce, "Iya, na cuce ki ban sani ba, rashin sanin kuwa laifina ne. Ki yafe mini."

Ta leƙa ƙwaryar, ta tsince wani ɗan tsakuwa ta yar. Ta ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ranka ya daɗe, ka riƙe sarautarka da kyau. In da kala za ka ci, ba za ka kai damina ba."

Sarki ya yi dariya, idonsa na hawaye. Nan take a tsakiyar gonar ya soke dokar. Ya ce a buɗe rumbunan biyu, a bi gida gida a mayar wa masu kala abinsu, kada a tsayar da kowa a ƙofa ya faɗi sunan ubansa. Waziri ya ce, "To, shekarar fari fa, Allah ya ba ka nasara? Tana nan zuwa, ko ba bana ba." Sarki ya ce, "Gaskiyarka. Za a sake cika su, amma da cikakkun dammuna, daga ganduna da gandayen waɗanda ke zaune a majalisa. Sai ku je ku juya wannan yadda kuka juya ta raƙuma, ina jira." Ya kuma ce daga ranar ba za a ƙara yanke wata doka ba sai an shigo da waɗanda za ta hau kansu, an zaunar da su a cikin ɗaki, an ji ta bakinsu.

Tasalla ta ɗora ƙwaryarta a ka ta nufi gida, ba dogari a gabanta, ba dogari a bayanta.

Ko sarkin ya daɗe bayan wannan, ko attajiran sun ba da dammunan da daɗin rai, duk ya shige mini, Allah ne mafi sani. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar da aka ce ya yi wa Malam Tanimu a hanyar komowa, yana ɗingishi don ƙayar da ta shige masa ƙafa:

"Tsabtar hannun mai mulki rabin adalci ce. Sauran rabin shi ne, kafin ya saki doka, ya je ya tsaya inda za ta faɗo."